Yadda Kurege Ɗaya Ya Ci Mana Damin Dawa 14

A cikin watan Janairu na shekarar 2024 aiki ya kai ni Lakwaja. Mun wuce Abaji da kaɗan ke nan sai direbanmu ya ratse gefen titi domin ya zuba wa mota ruwa, mu kuma fasinja muka firfito muna miƙe ƙafa. Kafin mu ankara sai ga wani yaro, wanda bai fi shekara 12 ba, ya sheƙo a guje daga wata 'yar rumfa inda aka rataye gyazbi da gafiya, yana riƙe da kurege biyu, yana ɗaga mana su yana faɗin kuɗinsu. Da na dube su sai na ga wutsiyarsu duk ta ƙone, ba sauran gashi, jikinsu kuwa duk toka. Na ɗaga kai na hangi bayan rumfar, sai na ga tudun da ke can ya yi baƙi ƙirin, hayaƙi bai ma gama tashi ba. Ban tambayi yaron yadda ya kama su ba, domin na riga na sani. Ni ma na taɓa yin irin wannan aiki sa'ad da nake kamar shekarunsa, kuma abin da ya biyo baya shi nake so in ba mai karatu labari a wannan mako.

Ga wanda ya tashi a birni, kurege dai wani mai wayo ne na cikin tatsuniya, wanda kullum yake yi wa kura dabara, in ban da ranar da ya ba bushiya mafaka a raminsa, ta baje ƙayoyinta har ya bar mata ɗakin. Amma ga manomin gyaɗa, kurege maƙwabci ne wanda ba a ga-maciji da shi. Launinsa irin na ƙasa ne, yana da farin zane guda a kowane gefe daga kafaɗa zuwa ƙugu, ga wutsiya buzu-buzu wadda tsawonta ya kusa na jikinsa. Babbansa da ƙyar yake kai kilo 1. Ba ya zama a kan itace kamar ɗan'uwansa na kurmi, rami yake haƙawa, ko kuwa ya sami tsohon suri ko gindin dutse ya tare. Da rana yake kiwo, in ya ji motsi sai ya miƙe tsaye bisa ƙafafunsa na baya, ya ƙura maka ido sai ka ce mai gadin kanti, sa'an nan ya ɗaga wutsiya ya ruga.

Ɓarnarsa kuwa sau biyu take zuwa a shekara. In ruwan shuka ya sauka, manomi yana gaba yana binne iri, kurege yana baya yana tonewa, sai bayan mako guda mutum ya zo ya tarar da kunya bakwai ko takwas ba tsiro ko ɗaya. In gyaɗa ta nuna kuma ya dawo, ya ci ya ƙoshi, ya kwashi saura ya je ya binne nan da can domin rani. Rogo da dankali da masara duk bai bar su ba. Kakana ya sha gaya mana cewa a zamanin dalar gyaɗa ta Kano, kafin fari da cutar gyaɗa ta 1975 su karya noman, yaron da ya kawo masa wutsiyar kurege kwabo yake ba shi. Saboda haka a ƙauyenmu, can kudancin Katsina, farautar kurege ba a ɗauke ta shashanci ba. Tsaron gona ne, kuma hanya ce ta samun nama a gidajen da sai an yi suna ko salla ake ganinsa a miya.

Wanda ya koya mini wannan farauta kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Da damina manomi ne, da rani kuwa ya shiga neman ƙananan namun daji, watau zomo da fakara da gafiya da kurege. Bai taɓa mallakar bindiga ba. Kayan aikinsa su ne kere, da dagi, da wuƙa mai kaifi, da asuta wadda yake saƙawa da wayar birkin keke, sai kuma wani jan kare mai yankakken kunne. Tun ina da shekara 9 nake riƙe masa burgami.

Abu na farko da ya nuna mini shi ne yadda ake karanta rami. Ramin da ke da mai shi, bakinsa a goge yake, za ka ga sabuwar ƙasa da ɓawon gyaɗa da 'yan sawu. Wanda aka ƙaurace masa kuwa yanar gizo ce a bakinsa, kuma irinsa ne maciji yake gada. Don haka doka ta farko ita ce ba a zura hannu a rami, ko da kana ganin wutsiya. Mutanenmu ma suna cewa cizon kurege dafi gare shi, na kuwa ga yatsan da ya kumbura ya yi ruwa saboda shi. Abu na biyu, kurege ba ya gina ɗaki mai ƙofa ɗaya. Sai an zagaya an nemo sauran ƙofofin an toshe su da duwatsu, a bar guda, a ɗana asuta a bakinta ko a tsai da kare. Sa'an nan a bi ramin da dagi, ko kuma a tura masa hayaƙi.

Shi wannan hayaƙi yana da ƙa'idarsa, kuma a kanta labarina ya rataya. Kawu ba ya kunna wuta sai ya share ciyawa kewaye da ramin kamar taku biyar, har ƙasa ta fito fili. A cikin wani fasasshen kasko yake hura garwashi, ya ɗora tsumma da busasshiyar kashin shanu, ya kara a bakin ramin yana fifitawa. In iska tana kaɗawa ba ya yi sam, sai ya ce mu koma gida, in kere na yawo zabo na yawo wata rana za a haɗu. In an gama sai a binne garwashin da ƙasa, a taka, ya sa tafin hannu ya ji ya huce.

Kawu ba malami ba ne, amma ya zauna a zaure an biya masa Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, ya kuwa riƙe babin farauta da kyau. Daga wurinsa na fara jin cewa farauta don wasa kawai makaruhi ce, ta bukata ita ce halal. Ya ce malamanmu na Malikiyya sun sa kurege cikin namun dajin da ba sa farautar waɗansu, kamar zomo da bushiya, cinsa ya halatta, amma abin da asuta ta shaƙe ko kere ya buge dole a riske shi da rai a yanka shi da sunan Allah, in ba haka ba ya zama mushe. Shi ya sa wuƙarsa ba ta rabuwa da ƙugunsa, shi ya sa kuma yake zagaya tarkunansa safe da yamma. Wanda aka tsinta a mace ba ya ko taɓa shi, domin waɗansu manoma sukan cuɗa iri da magani, ba ka san abin da ya ci ba. In ya kama mace mai shayarwa yakan sake ta. Na bakin gona yake nema, na tsakiyar daji kuwa ya ce Allah ne ya ba shi wurinsa.

To, sai batun dahuwa, wadda ita ce ta sa muke jure ƙaya da rana. Da zarar an yanka, sai a hura wutar kara a babbake shi, a kankare gashin da wuƙa, a bar fatar domin ita ke riƙe romo. A farke ciki a hankali kada a fasa hanji ko mafitsara, a jefa wa kare kayan cikin, shi ne ladansa. A wanke da ruwan tsamiya don ya kashe ƙarni. In matashi ne sai a baje shi a kan tsinke, a shafa gishiri da man gyaɗa, a gasa bisa garwashi ana juyawa, in ya yi ja a barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli mai citta da masoro. In tsoho ne gashi ba ya yi masa, sai ka gaji da tauna. Shi farfesu ake yi da shi: a yayyanka shi gaɓa-gaɓa, a zuba albasa da attaruhu da daddawa da 'yar kanumfari, a bar shi a kan wuta marar ƙarfi har naman ya fara sakin ƙashi. In kuwa an sami uku ko huɗu a rana ɗaya, sai a yi bandarsu a bisa murhu, a riƙa gutsurawa ana jefawa cikin miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa.

Innata ba ta yarda a sa mata shi a tukunyar miya ba, akwai wata tsohuwar tukunya da ta ware mana a bayan madafa. Kakata kuwa, mahaifiyar babana, ba ta da abin marmari kamar romonsa. Ɗanɗanonsa yana tsakanin na zomo da na zabo, na kaka kuwa, wanda ya sha gyaɗa, har wani ɗan maiƙo gare shi. Sai dai fa abin ba yawa. Kurege ɗaya, mu biyar: cinya biyu, hannu biyu, da gadon baya. Wanda ya buga cinya, wanda ya haƙa cinya, mai rabo kuma shi ne na ƙarshen ɗauka. Hausawa suka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, to, wanda ya ci kurege haƙa ya ci.

A cikin watan Disamba na 2002, ina da shekara 12, Kawu ya tafi biki wani gari zai kwana biyu. Hunturu ya kankama, iska tana kaɗawa tun safe. Ni da abokaina biyu mun daɗe da sanin wani ƙaton kurege da ke zaune a gindin suri, daidai iyakar gonarmu da ta wani dattijo maƙwabcinmu. Shi wannan dattijo rashin lafiya ya hana shi kwashe amfaninsa da wuri, dawarsa dami 14 tana jibge a gona tana jiran amalanke, harawarsa kuma tana bisa reshen ɗorawa. Na ga dama ta samu in nuna wa Kawu na isa. Na faki idon kakata na ɗauke mata ashana, muka fita bayan azahar.

Ba mu share ko taku ɗaya ba, ba mu ɗauki kasko ba. Ciyawa na tattara na cusa a bakin ramin na ƙyasta. Kafin in miƙe tsaye iska ta sure wutar ta watsa cikin karan dawa. Muka karyo ganye muna bugu, muna watsa ƙasa da hannu, ina! Wuta ta fi tsayinmu, tana ƙara sai ka ce ana yayyaga sabon yadi. Da na ga ta doshi jibgin dawar nan sai ƙafata ta yanke shawara ba da ni ba. Muka ruga muka ɓuya a cikin kwazazzabo, sai da muka ji ihun mutane sa'an nan muka fito muka shiga cikinsu, muna ɗibar ƙasa kamar kowa. Ba a ci ƙarfin wutar ba sai bayan la'asar. Dawa ta zama gawayi, harawa ta tafi, ɗorawar kanta ta babbake gefe guda.

Da magariba sai magana ta fara yawo, wai wani ya ga yaran Fulani sun bi ta wajen da shanu da rana. Akwai ruga a yammacin gari, shekara da shekaru suna sauka da kaka, shanunsu su ci kara su bar mana taki, ba a taɓa jin kanmu ba. Amma kafin lisha wanda ya ce an ga sun wuce ya zama wanda ya ga sun ƙyasta. Samari suka taru a ƙofar gidan mai unguwa da gora da barandami, suna cewa yau sai ruga ta tashi. Mai unguwa, Allah ya jiƙansa, ya fito ya ce ba inda za a je da dare, ya aika a kira Ardo da safe. Ina tsaye a cikin taron, ina jin kome, ban ce uffan ba. Na koma gida na kwanta ban ci tuwo ba.

Can dare ya raba sai na ga haske a kaina. Kakata ce da fitilar ƙwai. Kullum takan kira ni maigida, ta tsokane ni wai na ƙi ba ta kuɗin cefane, amma a daren nan ba dariya a fuskarta. Ta haska ni, ta shafa girata wadda wuta ta lashe, ta ce, “Maigida, yau ba wasa ya kawo ni ba. Ina ashanata?” Na yi shiru. Ta ce, “Dawa ana biya. In gari ya waye aka zub da jinin ɗan wani, wa zai biya? Tashi mu je wurin babanka.”

Da safe aka taru a zauren mai unguwa. Ardo ya zo shi da ƙanensa, ya tsuguna ya yi gaisuwa, ya ce, “Ranka ya daɗe, wane makiyayi ne zai ƙone karan da shanunsa za su ci?” Bai rufe baki ba babana ya tura ni tsakiya, ya ce in faɗi abin da na gaya masa. Ban san yadda maganar ta fita ba, na dai san da na gama zauren ya yi tsit, samarin jiya kowa ya sunkuyar da kai. Babana ya ce tun da ashana daga gidansa ta fito, shi zai ba da dami 8, iyayen abokaina suka ɗauki uku-uku. Tunkiyar da kakata ta ba ni kiwo aka sayar aka biya harawa. Da yamma babana ya sayi goro, ya tasa ni gaba har ruga na ba da haƙuri. Matar Ardo ta dama mini fura da nono, na sha ina hawaye, har yau kuwa ban taɓa shan abin da ya yi mini wuyar haɗiya kamarsa ba.

Ba wanda ya doke ni, amma da bulala aka yi mini da ta fi sauƙi. A shekarar nan rumbunmu ya ƙare tun cikin watan Agusta, lokacin da hatsi ya fi tsada, na ga babana yana auno dawa a kasuwa da kwano, abin da bai taɓa yi ba. Kawu kuwa da ya dawo bai yi mini faɗa ba, sai ya ce in ɗauko dagi. Muka je gindin surin, ga kuregen nan a bakin wata ƙofa da ba mu ma gano ta ba, ya ƙone ya kumbura. Ya zagaya da ni cikin tokar, ya nuna mini bushiya biyu da hawainiya, da 'yan tsiron kaɗanya da suka zama tsinke. Ya ce, “Ɗana, duk waɗannan kai ka kashe su, wanne za ka ci a ciki?” Ya sa na haƙa rami na binne su. Shekara guda cur bai sake yarda na riƙe masa burgami ba.

Jama'a, wannan ita ce ribar ƙona daji domin nama. Wuta tana cinye kara da ganyen da za su ruɓe su zama taki, ta bar ƙasa tsirara iska ta kwashe, ruwan farko ya wanke saura. Tana kashe 'yan itatuwan da jikokinmu za su ci kalwa da kaɗe a jikinsu, ta hana dabbobi abinci a lokacin da suka fi bukatarsa, abin da ta kashe kuma mushe ne. Garin neman gira an rasa ido ke nan. A shekarar 2011 gwamnatin tarayya ta kafa ƙa'idojin hana ƙona daji barkatai a ƙarƙashin hukumar NESREA, amma duk wanda ya bi hanya da rani ya san takarda ba ta kai gindin suri. Abin da yake kaiwa can shi ne irin tarbiyyar Kawu, da idon kaka, da mai unguwar da zai ce a jira gari ya waye. Yanzu da nake aikin jarida, duk ranar da aka miƙo mini labarin da ya fara da cewa ana zargin makiyaya, ko ana zargin manoma, sai na tambayi wanda ya gani da idonsa, domin na taɓa tsayawa a cikin taro ina jin ana zargin wani da abin da yake aljihuna.

Har ila yau akwai batun lafiya, wanda ba mu san shi ba a lokacin. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969, wani ɓera mai yawan nonuwa ne ke yaɗa shi, kuma wuta in ta tashi ba kurege kaɗai take korowa ba, har da ɓeraye, yara kuwa ba sa zaɓe. Ƙyandar biri ma, wadda ta sake ɓulla a Jihar Bayelsa a 2017, tun a 1985 masu bincike suka sami ƙwayarta a jikin wani kuregen itace a ƙasar Zaire, wadda ake kira Kwango yanzu. Saboda ita ne a 2022 ma'aikatar gona ta tarayya ta ba da sanarwar hana sayar da naman daji. Lalle mai ciwo a hannu kada ya feɗe, wanda ya feɗe ya wanke hannu da sabulu, naman kuma a dafa shi ya dahu sarai. Rigakafi ya fi magani.

Shi yaron nan na hanyar Lakwaja, na juya kuregensa na duba wuya, ba alamar wuƙa, sai na mayar masa. Na ce da shi wutar nan wata rana za ta ci abin da ya fi kurege. Ya yi dariya ya ce ai ta haka ake samu da yawa. Direba ya danna oda, muka shiga mota, wani fasinja ya saye su duka biyu. Tun daga nan har Lakwaja ina tunanin ko yana da kawu.

Ni dai ban daina cin kurege ba. Da na je gida da kakar 2024, Kawu, wanda yanzu ido ya fara yi masa nauyi, ya fito mini da banda guda da ya ajiye, matarsa ta yi mana miyar kuka da shi, muka ci a zaure muna hira. Ɗorawar nan tana nan, gefen da ya ƙone bai sake yin reshe ba. Roƙona ga iyaye da masu unguwanni da sarakunan farauta shi ne, kada a hana yara daji, amma kada a sake su su kaɗai da ashana. A haɗa su da babba wanda zai nuna musu yadda ake share bakin rami da yadda ake binne garwashi. Allah ya kiyashe mu da kwaɗayi, ya ba mu damina mai albarka, amin.